Kukan Daɗi A Holiwud, Kukan Jini A Kolwezi

A ranar 21 ga watan Yulin 2025 ne kamfanin Tesla, mallakar attajirin nan Elon Musk, ya buɗe wata sabuwar tashar cajin motocin lantarki a unguwar Holiwud da ke birnin Los Angeles, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Suka raɗa mata suna Tesla Diner. Kawunan caji har guda 80 aka jera a wurin, ga gidan cin abinci mai hawa biyu, ga waɗansu maka-makan allunan majigi guda biyu da aka kafa, wai don kada kewa ta kama mai mota a ɗan lokacin da motarsa take shan wuta. A ranar buɗewar har wani mutum-mutumi suka tsayar yana zuba wa mutane gugguru. Kafafen watsa labaran Yamma kuwa suka yi ta yayata abin, kai ka ce maganin mutuwa aka gano.

To, ba a yi kwana nawa ba sai masu motocin suka fara bayyana ra'ayoyinsu, kuma a nan ne muke so ɗan'uwa mai karatu ya kasa kunne. Waɗansu suka yaba, suka ce wuri ya yi kyau, caji yana sauri. Waɗansu kuma suka dinga ƙorafi. Wai layi ya yi tsawo, mutum sai ya yi awoyi kafin ya sami shiga ya ci abinci. Wai abincin ya yi tsada, kuma ba a jima ba aka soke rabin abin da aka rubuta za a riƙa sayarwa. Maƙwabtan wurin su ma suka ce allunan majigin sun tare masu tagogi, ga cunkoson motoci da hayaniya ba dare ba rana. Daɗin daɗawa ga tsofaffin ƙorafe-ƙorafen da masu irin waɗannan motoci suka saba yi a kowace tasha: wane ya cika batirinsa ya ƙi matsawa, wane ya zo da mota ta wani kamfani ya tare wurin mutum biyu, wutar da aka ce za ta zo da ƙarfi kaza ba ta kai haka ba, minti ashirin ya koma minti talatin da biyar.

Allah sarki! Wannan shi ne abin da Bahaushe yake kira kukan daɗi. Mu kuwa ba hassada muke yi masu ba, su yi ta cajinsu. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata kalma guda da ba ta fita daga bakinsu, da mai yabon da mai ƙorafin, wato kalmar "tsafta". Wai motarsu mai tsafta ce, ba ta hayaƙi, ba ta cutar da kowa, su ne masu ceton duniya daga ɗumamar yanayi. Wannan da'awa ce muke so mu tona asirinta, domin akwai waɗanda aka zuba wa ƙazantar a ka, kuma ba a taɓa tambayarsu ra'ayinsu a kan kowace tashar caji ba.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don kada a ce muna sukar abin da ba mu sani ba. Motar lantarki ba ta da tankin mai, wani ƙaton batir ne shimfiɗe a ƙarƙashinta, mai nauyin da kan kai rabin tan. In mutum ya jona ta a wutar gida, sai ta kwana tana sha kafin ta cika, saboda ƙaramar na'urar da ke cikin motar ce take juya wutar gidan zuwa irin wadda batir yake karɓa. Tashar caji mai sauri kuwa ita take yin wannan juyin da manyan na'urorinta, sannan ta ɗura wa batirin kai tsaye. Shi ya sa cikin minti ashirin zuwa talatin batir ke tashi daga kusan ƙarewa zuwa kashi 80 cikin ɗari. Daga nan sai wutar ta ja baya, kamar yadda mai cika jarka yake rage ruwa in ta kusa wuya, don kada batirin ya yi zafi ya lalace. Wannan ragowar kashi 20 ɗin ita ce take jawo faɗa a tsakaninsu, har kamfanin ya sa tara a kan wanda ya cika bai ɗauke motarsa ba.

Yanzu ka dubi ƙarfin wutar. Kan caji guda ɗaya na Tesla yana iya zuba kilowat 250 a cikin mota ɗaya. Ƙaramin janaretan nan da masu aski da masu cajin waya suke tayarwa a bakin titi bai cika kai kilowat ɗaya ba. Ke nan sai ka jera irinsa sama da 250, ka tayar da su gaba ɗaya, sannan ka kai abin da mota guda take zuƙa yayin da mai ita yake cin gugguru. In ka ninka wannan sau 80, lissafin takarda zai ba ka megawat 20 a tasha ɗaya, ko da yake ba duka suke ja da cikakken ƙarfi a lokaci guda ba. Nijeriya kuwa, da mutanenta sama da miliyan 200, abin da ake rabawa a babban layinta bai cika wuce megawat dubu huɗu zuwa dubu biyar ba. Kuma tseren bai tsaya nan ba, don a watan Maris na 2025 kamfanin BYD na ƙasar Sin ya nuna cajin da ke kai kilowat 1,000, wanda ya ce cikin minti biyar zai ba mota tafiyar kilomita 400.

To, batirin da ke iya haɗiye wannan wuta, da me aka yi shi? Ba da iska aka yi shi ba, ɗan'uwa. Da ma'adinai aka yi shi: litiyam, kobalt, nikel, manganis, da jan ƙarfe mai yawan gaske. Hukumar makamashi ta duniya da ke birnin Paris, wadda tasu ce ba tamu ba, ita ta ce motar lantarki tana cin irin waɗannan ma'adinai kusan ninki shida na abin da motar fetur take ci. Kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin da ake haƙa a duniya daga ƙasa ɗaya yake fitowa, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, daga kudancinta, yankin da a da ake kira Katanga, inda garin Kolwezi yake.

Kolwezi gari ne da aka gina a kan arziki, amma talauci ya yi masa katutu. A gefe ɗaya ga manyan ramukan kamfanonin waje, da katanga da masu gadi da bindigogi. A ɗaya gefen ga dubban talakawa da suke haƙa da hannu, da diga da shebur da ƴar fitila ɗaure a goshi, suna gangarawa ramuka masu zurfin gaba goma, gaba ashirin, ba tokari, ba iska, in ƙasa ta rufta shi ke nan kabari ya samu. Mata suna wanke duwatsun a cikin kududdufai masu guba, yara suna tsinta suna ɗaukar buhuna. A shekarar 2014 asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa yara kusan 40,000 ne suke aiki a wuraren haƙar ma'adinai na kudancin Kwango. A 2016 ƙungiyar Amnesty ta bi sawun wannan kobalt tun daga hannun yaran, zuwa rumfunan dillalai, zuwa kamfanin Sin da ke tacewa, har zuwa masu yin batir da suke sayar wa manyan kamfanonin duniya.

A watan Yunin 2019 wani ɓangare na ramin kamfanin Kamoto ya rufta a kusa da Kolwezi, ya binne masu haƙa da hannu, mutum fiye da 40 suka mutu. Kamfanin Kamoto na Glencore ne, wani hamshaƙin kamfani da ke ƙasar Suwizalan. Abin da kamfanin ya fi ƙarfafawa a lokacin shi ne wai mamatan sun shiga ne ba da izini ba. Ka ji fa! Ɗan ƙasa ya zama ɓarawo a kan ƙasar kakanninsa, baƙon da ya zo daga bayan teku shi ne mai izini. Gwamnati kuma maganin da ta kawo shi ne ta turo sojoji su kori waɗanda suka rage. Kuma shi Tesla ɗin nan mai tashar Holiwud, da bakinsa ya ambaci Kamoto da Mutanda, duka na Glencore, a cikin wuraren da yake sayen kobalt.

Wane ne Glencore? A watan Mayun 2022 wannan kamfani ya amsa laifinsa a gaban hukumomin Amurka cewa ya yi shekaru yana ba da cin hanci a ƙasashe da dama, ciki har da Kwango da Nijeriya. Aka ci shi tarar sama da dala biliyan ɗaya. Tarar nan baitulmalin Amurka ta shiga. Ita Kwango da aka cuta, sai a ƙarshen shekarar aka ba ta dala miliyan 180 aka ce a rufe zance. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Iyayen yaran ma sun gwada neman haƙƙi ta hanyar da ake ta ce mana ita ce ta wayayyu, wato kotu. A watan Disambar 2019 aka shigar da ƙara a birnin Washington a madadin waɗansu iyalai ƴan Kwango da ƴaƴansu suka mutu ko suka naƙasa a ramukan kobalt, ana ƙarar Apple da Alphabet mai Google da Dell da Microsoft da Tesla. A 2021 alƙali ya yi watsi da ƙarar. Aka ɗaukaka, a watan Maris na 2024 kotun ɗaukaka ƙara ita ma ta wanke kamfanonin, bisa hujjar cewa su masu saye ne kawai a kasuwa, saye kuwa ba tarayya ba ne a cikin abin da mai sayarwa ya aikata. Subhanallahi! Ko a kasuwar ƙauye, wanda ya sayi akuyar da ya san ta sata ce ba ya fita salin-alin. Amma in akuyar kobalt ce, mai sayen kuma yana da dala biliyan ɗari, sai doka ta ce ba ruwansa.

Kada kuma ɗan'uwa ya zaci Turawan Yamma kaɗai muke nufi. Yau yawancin manyan ramukan kobalt na Kwango suna hannun kamfanonin Sin ne. Kamfanin CMOC, wanda ya sayi ramin Tenke Fungurume daga hannun wani kamfanin Amurka a 2016, shi ya zarce Glencore a 2023 ya zama na ɗaya a duniya wajen haƙar kobalt, kuma a ƙasar Sin ake tace mafi yawan abin da aka haƙo. Wanda ya ce maka Sin ta zo ceton Afirka, tambaye shi a wace ƙasa aka gina masana'antun batirin. An gudu daga gara ne an faɗa gidan zago.

Wannan fa ba sabon karatu ba ne ga mutanen Kwango. A 1888 wani Bature mai suna Dunlop ya fito da tayar da ake hura wa iska, duniya ta haukace da neman roba don kekuna, daga baya don motoci. A lokacin Kwango gonar mutum ɗaya ce, Sarki Liyofol na Biyu na Beljiyam, tun daga 1885 har zuwa 1908. Aka ɗora wa kowane ƙauye adadin robar da zai kawo, wanda ya kasa a ƙone shi, a kama mata a yi garkuwa da su, a sare hannuwan mutane har da na yara. Miliyoyi suka halaka. Masu hawan keke a Landan da Paris na wancan zamanin su ma ra'ayoyinsu suke bayarwa a kan laushin taya. Yuraniyam ɗin da aka yi bom ɗin Hiroshima da shi a 1945, yawancinsa daga ramin Shinkolobwe na wannan Katangar aka haƙo shi. Da Patrice Lumumba ya tashi ya ce arzikin Kwango na ƴan Kwango ne, bai yi wata uku cur yana mulki ba aka tuɓe shi, kuma a ranar 17 ga Janairun 1961 aka harbe shi a Katanga, da sani da hannun jami'an Beljiyam.

Akwai wani abu ɗaya da ya ishi mai hankali hujja. A zamanin Mobutu aka ja layin wuta daga madatsar ruwa ta Inga, kusa da bakin teku, har zuwa Kolwezi, tafiyar kilomita 1,700, aka gama a 1982. Irin wutar da aka ɗora wa layin ba a iya tsakurarta a hanya sai da manyan na'urori masu tsada. Saboda haka wayar ta ratsa ta saman garuruwa da ƙauyuka ba adadi, mutane suna kallonta da ido suna kwana da fitilar kananzir, ita kuwa ta miƙe sai ramukan ma'adinai. Har yau kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai yake samun wutar lantarki a Kwango. Ƙasar da take ba duniya batir, ita ce ba ta da abin da za ta yi caji da shi.

Mun san abin da ƴan boko aƙida za su ce, don haka bari mu amsa masu tun kafin su buɗe baki. Za su ce ai yanzu akwai batirin da ba a sa masa kobalt, ana yin sa da ƙarfe da sinadarin fosfet, kuma BYD da shi yake aiki, Tesla ma yana sa shi a waɗansu motocinsa. Gaskiya ne. Za su ce kason da masu haƙa da hannu suke fitarwa ya ragu ƙwarai a shekarun nan. Wannan ma gaskiya ne, sai dai abin da ya rage shi faɗuwar farashi ce da ambaliyar kobalt daga manyan ramuka, ba wai yaran sun koma makaranta iyayen sun sami albashi ba. A watan Nuwambar 2025 ma mutum sama da 30 suka mutu a wani wurin haƙa da ake kira Kalando, a lardin Lualaba, da wata gadar wucin gadi ta karye da su. Kuma batirin da ba shi da kobalt yana da litiyam, motar da wayoyin tashar suna da jan ƙarfe, wanda ramukan Kolwezi ɗin dai suke fitarwa. Nikel kuwa daga tsibirin Sulawesi na Indonesiya, inda ake share dazuzzuka, ake ƙona gawayin kwal don tacewa, inda kuma a watan Disambar 2023 tukunyar narka ƙarfe ta fashe a Morowali ta kashe ma'aikata kimanin ashirin.

Za su kuma ce, to shi fetur ɗin mai tsafta ne? A'a, wallahi ba mai tsafta ba ne, kuma mu ba lauyoyin kamfanonin mai ba ne. Wanda ya san abin da aka yi wa ƙasar Ogoni, ya san an rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa takwas a 1995 a kan wannan magana, ba zai yi wa fetur waƙa ba. Mun yarda in an yi lissafin hayaƙi tun daga ƙera mota har tsufanta, ta lantarki ta fi ta fetur sauƙi a mafi yawan wurare. Ƙararmu ita ce tsarin da yake nan daram ko da an canza abin da ke juya taya. Jiya roba, shekaranjiya bayi, yau kobalt, kuma a kowane zagaye wuri ɗaya ake haƙa, wuri ɗaya kuma ake hawa. Af, kafin wani ya ce mun tsame kanmu: wayar da ke aljihunka, ɗan'uwa, da tamu, akwai kobalt a batirinta. Bambancin shi ne mu ba mu ce mun ceci duniya ba don mun sayi waya.

Dubi Norway, wadda ake kafa mana misali da ita. A 2024 kusan mota tara cikin kowace goma sababbi da aka saya a ƙasar ta lantarki ce. Madalla. Amma da wane kuɗi gwamnati ta yafe wa masu saye haraji? Ƙasar tana cikin manyan masu sayar da mai da gas na Turai, arzikinta a kansu ya ginu. Wato ta share tsakar gidanta, ta kwashi sharar ta sayar wa maƙwabta, sannan ta hau mumbari tana wa'azin tsafta.

Faransa kuwa, kusan kashi biyu cikin uku na wutar da masu motocinta suke caji da ita daga tashoshin nukiliya take fitowa. A tsakanin 2012 da 2022 kusan kashi ɗaya cikin biyar na yuraniyam ɗin da ta shigar daga Nijar ya fito, daga Arlit da Akokan, inda kamfaninta ya fara haƙa tun 1971. Da aka rufe ramin Cominak a 2021, abin da aka bar wa mutanen Akokan shi ne tsaunukan dusar ma'adini mai guba, tan miliyoyi, a fili iska tana kaɗawa. Nijar ɗin da ta haskaka Paris shekara hamsin, a da mafi yawan wutarta daga Nijeriya take saye, har aka yanke mata ita a 2023 bayan juyin mulki, asibitoci suka shiga duhu. A 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe kamfanin Somaïr. Abin da zai biyo baya, idanun talakawan Arlit ne za su ba da shaida, ba sanarwar gidan rediyo ba.

Shi ma mai Tesla ɗin bai ɓoye yadda yake kallon lamarin ba. A 2020, da wani ya yi masa gorin cewa saboda litiyam aka kifar da Evo Morales na Bolibiya a 2019, sai ya mayar masa da cewa za su kifar da duk wanda suka ga dama. Magoya bayansa sun ce wasa yake yi. To, a cikin wasa akan faɗi gaskiya, kuma iyalan Lumumba ba za su yi dariyar wannan wasan ba.

Yanzu bari mu zo gida, domin wutar ta iso gemunmu. An gano litiyam a Nasarawa da Kaduna da Kwara da Kogi da waɗansu jihohi. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar wani kamfanin Sin a jihar Nasarawa da kiɗa da jawabai. Kafin shekarar ta fita, ƴan jaridar kamfanin dillancin labarai na AP suka je ƙauyen Pasali a wannan jihar, suka tarar da yara ƙanana a ramukan da ba su da rajista, suna fasa duwatsu suna tsintar litiyam, yini guda a kan abin da bai kai kuɗin kwanon abinci biyu ba. Kolwezi ke nan ta iso ƙofar gida. Dillalai suna saye a buhu, ba mai tambayar wa ya haƙo, daga nan sai tashar jirgin ruwa. Kuma da ɗan gari akan ci gari: baƙon nan bai san hanyar dajin ba, wani ne ya kai shi, wani ya sa masa hannu a takarda, wani ya ba shi ɗan sanda ya tsare masa ƙofa.

Samarinmu su ne ake ɗiba zuwa waɗannan ramuka, daga Zamfara da Katsina da Kano da Neja, ana ruɗarsu da cewa an sami dutse mai kuɗi. Ya kamata wanda zai tafi ya san farashin dutsen nan ba a bakin rami ake yanka shi ba. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2024 farashin litiyam a kasuwar duniya ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari, saboda abin da ya faru a masana'antun Sin da ramukan Ostareliya, ba tare da mai diga ya san hawa ko sauka ba. Ya kuma tambayi dattawa labarin kuza a Jos, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka kwashi kakanninmu dubbai aikin tilas a tsakanin 1942 da 1944, sanyi da yunwa da cuta suka kashe na kashewa. Kuzar ta tafi Ingila, ramukan suna nan cike da ruwa suna cin yara da dabbobi. Ya tambayi mutanen Anka da Bukkuyum abin da ya faru a 2010, da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara akalla 400.

Sannan akwai bashi na biyu da za a biyo mu. Duk Baturen da ya sayi motar lantarki, tsohuwar motarsa ta fetur ba ƙonewa take yi ba. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka aka kawo su. Su ne ƴan Kwatanon da muke ɗoki, muke cewa sabuwa dal. Hayaƙin da aka kora daga titin Los Angeles da Brussels ya sauka a Ƙofar Ruwa da Panteka. Gobe kuma in batiran motocin lantarkin suka tsufa, suka daina riƙe wuta, ina ake jin za a nufa da su? Waɗanda suka tuna gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988 sun san amsar.

Ba wai babu waɗanda suka ɗan farga ba. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel daga farkon 2020, ta ce wanda yake so ya zo ya tace a gida. Nan take Tarayyar Turai, mai wa'azin a taimaki ƙasashe masu tasowa, ta kai ta ƙara gaban hukumar ciniki ta duniya, kuma a 2022 aka ba Turai gaskiya. Indonesiya ba ta janye ba. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen litiyam a ƙarshen 2022. Kwango da kanta ta dakatar da fitar da kobalt a watan Fabrairun 2025, daga baya ta ƙayyade adadin da kowane kamfani zai fitar, farashi kuwa ya tashi. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024, amma sai da ta yi shekara goma sha tana gina madatsar ruwanta a kan kogin Nilu da kuɗin mutanenta, mai ƙarfin megawat sama da 5,000, wadda aka yi bikin buɗewa a watan Satumbar 2025. Wuta ta fara samarwa, sannan ta yi zancen mota.

Mu kuwa namu shugabannin daga wutsiya suke kamo abin. A 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, aka ɗauki hotuna, aka yi tafi. Ba mu raina ƙoƙarin injiniyoyin da suka yi ta ba, kuma ba mu raina samarin da suke juya ƙananan bas-bas zuwa na batir a Maiduguri ba, hasali ma irin wannan sana'ar ita ya kamata matasa su rungume su ƙware a kai, da ɗora faranti a kan rufi da gyaran batir da na'urar juya wuta, maimakon shiga rami. Amma a watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara suka zauna hannu rabbana. A watan Afrilun 2024 aka ninka wa ƴan rukunin farko kuɗin wuta fiye da sau uku, daga kimanin naira 68 zuwa 225 kan kowane ma'auni. A cikin wannan hali ne za ka ji mai riƙe da muƙami ya dawo daga taro a Turai yana ba mu labarin motocin lantarki da ranar da za mu daina fitar da hayaƙi, alhali janareta ce take ba makirufon da yake magana da shi wuta, kuma buhunan Pasali suna wucewa ta gaban shingen jami'ansa a kan hanyarsu ta zuwa Legas.